Lambar Lucas: Tarihin Lamba Mai Alƙaluma 39 Da Aka Tabbatar Da Hannu

A shekarar 1876 wani malamin lissafi a makarantun sakandaren Faransa, mai suna Édouard Lucas, ya sanar da masana cewa wannan lamba ba ta rabuwa:

170,141,183,460,469,231,731,687,303,715,884,105,727

Alƙalumanta 39 ne. A lokacin babu kwamfuta, babu injin lissafi mai aiki da lantarki. Duk da haka maganarsa ta tabbata, kuma sai da aka shekara 75 kafin wani ya zo da lamba marar rabuwa da ta fi ta girma. Har yau ita ce mafi girma da ɗan Adam ya tabbatar da hannunsa, ba tare da taimakon inji ba. Wanda ya bi tarihinta zai ga cewa ba juriyar zama kan lissafi kaɗai ta kai Lucas ga nasara ba. Ya bar hanyar da aka shafe shekara dubu biyu ana bi, ya buɗe wata, kuma a kan hanyar tasa manyan kwamfutocin duniya suke tafiya har gobe.

Lambobin da ba sa rabuwa

Lamba marar rabuwa ita ce wadda ta wuce ɗaya, kuma babu abin da zai raba ta daidai ba saura sai ɗaya da ita kanta. Goma sha biyu tana rabuwa gida biyu, gida uku, gida huɗu, gida shida. Goma sha uku kuwa, duk yadda aka kasa ta sai wani abu ya rage. Jerin irin waɗannan yana farawa ne da 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. Darajarsu ita ce duk wata lamba daga cikinsu ake gina ta: 30 ita ce 2 sau 3 sau 5, haka 91 ita ce 7 sau 13, kuma kowace lamba hanya ɗaya tak take da ita ta wannan gini.

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a birnin Iskandariya na Masar, Yuklid ya kawo hujjar cewa waɗannan lambobi ba su da iyaka. Hujjar gajeriya ce. A ɗauki duk waɗanda aka sani, a ninka su da juna, a ƙara ɗaya. Abin da ya fito, babu ɗaya daga cikin na farkon da za ta raba shi, domin kullum ɗaya zai rage. Ke nan ko dai shi kansa sabuwar marar rabuwa ce, ko kuma akwai wata sabuwa a cikinsa. Tun daga ranar aka san cewa babu wadda za a kira ta ƙarshe. Abin da ya rage shi ne wadda ta fi girma cikin waɗanda aka iya tabbatarwa, kuma wannan tsere ne da ba ya ƙarewa.

Yuklid ya bar wata magana ta biyu, wadda ita ce tushen labarinmu. Girkawa sun ƙaunaci lambobin da suke kira cikakku, wato waɗanda idan aka haɗa masu raba su, ban da lambar kanta, sai a sami lambar. Shida cikakkiya ce, domin 1 da 2 da 3 shida ne. Haka 28, wadda take 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Yuklid ya nuna yadda ake samar da su: a riƙa ruɓanya biyu, 2, 4, 8, 16, 32, a cire ɗaya daga wadda aka tsaya a kanta. In abin da ya rage ba ya rabuwa, a ninka shi da rabin waccan, sai cikakkiyar lamba ta fito. Takwas a cire ɗaya bakwai, bakwai sau huɗu 28. Talatin da biyu a cire ɗaya 31, sau 16 ya ba da 496. Daga nan neman cikakkun lambobi ya koma neman marasa rabuwa masu siffar ruɓanyen biyu a cire ɗaya. Wajen shekara ta 100 miladiyya Nikomakus na Jarash ya lissafa huɗun da aka sani: 6, 28, 496 da 8,128.

Hannun malaman Larabci

Wannan ilimi ya rayu, ya kuma ƙaru, a hannun malaman daular Musulunci. Sabit bin Ƙurra, mutumin Harran da ya zauna a Bagadaza ya rasu a 901, ya fassara littafin Nikomakus zuwa Larabci, ya kuma gyara fassarar Yuklid. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira wajen 1040, ya yi aiki da wata ƙa'ida mai ban sha'awa: in lamba ba ta rabuwa, to a ninka duk lambobin da ke ƙasa da ita, a ƙara ɗaya, za ta raba abin da ya fito. Ga bakwai, 1 sau 2 sau 3 har zuwa 6 ya ba da 720, a ƙara ɗaya 721, wato 7 sau 103. Turawa sun sake gano wannan a 1770, suka laƙaba masa sunan Wilson. Muhimmancinsa shi ne ya nuna ana iya gane marar rabuwa ta wata alama, ba sai an bi masu rabawa ɗaya bayan ɗaya ba. Aibinsa kuwa, ga babbar lamba ninkin da yake buƙata ya fi rabawar wuya.

A ƙarni na 13 Isma'il bin Fallus ya rubuta jerin cikakkun lambobi wanda ya ƙunshi ta biyar da ta shida da ta bakwai, wato 33,550,336 da 8,589,869,056 da 137,438,691,328, tun ɗaruruwan shekaru kafin Turai ta san biyun ƙarshe, ko da yake ya haɗa da wasu da ba daidai ba. Ibnul Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya lura da abin da ya rage wa masu gwaji wahala: ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa ba. Don a tabbatar 97 ba ta rabuwa, ya isa a tsaya kafin goma, domin goma sau goma ta riga ta wuce ta.

A ƙarni na 13 ne kuma Ibn Khallikan ya kawo labarin nan na allon dara mai gida 64, inda aka nemi a sa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa. Jimillar ita ce 18,446,744,073,709,551,615, wato 2⁶⁴ − 1. Lambar Lucas ita ce abin da za a tara da allon yana da gida 127. A rubuce 2¹²⁷ − 1 ce: biyu guda 127 a ninka su da juna, a cire ɗaya.

Jerin Mersenne

Akwai sharaɗi na farko da aka gane da wuri. In ƙaramar lambar da ke bisa kan biyun tana rabuwa, to sakamakon ma yana rabuwa: 2⁴ − 1 ita ce 15, wato 3 sau 5, haka 2⁹ − 1 ita ce 511, wato 7 sau 73. An daɗe ana zaton in ta saman ba ta rabuwa to shi ke nan. A 1536 Hudalricus Regius ya rushe wannan zato, ya nuna 2¹¹ − 1, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. A 1588 Pietro Cataldi na Bologna a Italiya ya tabbatar da 131,071 da 524,287 ta hanyar rabawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ƙara da cewa haka abin yake ga 23, 29, 31 da 37, alhali bai gwada su ba. Uku daga cikin huɗun ba haka suke ba.

Wanda ya fara kama kuskuren shi ne Pierre de Fermat, lauya a Toulouse da yake lissafi a lokacin hutunsa. A 1640 ya gano cewa duk marar rabuwar da za ta raba irin wannan lamba dole ta kasance ninkin lambar saman sau biyu ko sau huɗu ko sau shida, haka har gaba, a ƙara ɗaya. Dubi 2,047: 23 ita ce 11 sau biyu da ɗaya, 89 kuma 11 sau takwas da ɗaya. Da wannan ya nuna 47 tana raba 2²³ − 1, kuma 223 tana raba 2³⁷ − 1. Maimakon a gwada dubban lambobi, sai a gwada ƙalilan.

Fermat yana aika wasiƙunsa ne ga Marin Mersenne, wani ɗan zuhudun cocin Katolika da ke zaune a Paris. A zamanin babu mujallun kimiyya, Mersenne ne mahaɗar masana. Yana karɓar wasiƙu daga Descartes da Pascal da Fermat, yana isar da tambayar wannan ga wancan. A 1644 ya rubuta a littafinsa cewa daga 2 har zuwa 257, lambobin saman da ke ba da marasa rabuwa goma sha ɗaya ne kacal: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma a zamaninsa babu mai iya gwada huɗun ƙarshe. Hausawa na cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma a fagen lissafi haka abin yake: maganar da ba hujja ba ta zama ilimi ba tukuna. Amma jerin ya zama ƙalubale da ya tayar da masana har shekara ɗari uku, shi ya sa ake kiran wannan dangi lambobin Mersenne, ake kuma taƙaita su da harafin M. Ta Lucas ita ce M127.

Leonhard Euler, mutumin Basel da ya yi yawancin aikinsa a Berlin da Saint Petersburg ta Rasha, shi ne ya ɗaga tutar bayan Fermat. Ya nuna 233 tana raba M29. Ya kuma rushe wani zaton Fermat kansa, wanda ya ɗauka lambobin jerin 3, 5, 17, 257, 65,537 ba za su taɓa rabuwa ba: a 1732 Euler ya nuna ta gaba, 4,294,967,297, ita ce 641 sau 6,700,417. A 1772, idanunsa sun riga sun tafi, ya rubuta wa Daniel Bernoulli cewa M31, wato 2,147,483,647, ba ta rabuwa. Ya ƙara tace dabarar Fermat har abin gwadawa ya sauko ƙasa da 400. Shi ne kuma ya tabbatar cewa duk cikakkiyar lambar da biyu ke rabawa, ta hanyar Yuklid take fitowa, babu wata hanya. A 1811 Peter Barlow na Ingila ya rubuta cewa da wuya wani ya ƙara neman wadda ta wuce ta Euler, tunda abin bai da amfani sai ban sha'awa.

In ana maganar rabawa, Barlow yana da hujja. Don a gwada M127 ta tsohuwar hanya sai an kai ga lamba mai alƙaluma 20. Ko an yi amfani da duk tacewar Fermat da Euler, mutum yana gwada ɗaya kowace daƙiƙa ba dare ba rana, zai shafe miliyoyin shekaru bai gama ba. Hanyar ta zo ƙarshenta.

Abin da Lucas ya yi

An haifi Lucas a Amiens a 1842. Ya yi karatu a Paris, ya yi aiki a gidan nazarin taurari na birnin, ya shiga yaƙin Faransa da Prussia na 1870 a rundunar igwa, bayan yaƙi ya koma koyarwa. Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne jerin lambobin nan da kowace take jimillar biyun da suka gabace ta: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21. Shi ne ya yaɗa kiran su da sunan Fibonacci. Ya kuma nazarci 'yar'uwarsu, 1, 3, 4, 7, 11, 18, 29, 47, wadda yau ake kira da sunansa. Yana bin yadda marasa rabuwa ke raba 'ya'yan waɗannan jeri, sai ya ga suna bin tsari mai tsauri da sauran lambobi ba sa iya bi. Daga nan ya juya tambayar. Ya daina tambayar wace ce za ta raba lambar, ya koma tambayar ko lambar za ta raba wani ɗa guda da aka zaɓa daga cikin jerin.

Ga gwajin a siffar da Derrick Lehmer na Amurka ya kammala shi a 1930. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a cire biyu: 14. A maimaita: 194. Duk lokacin da abin ya wuce lambar da ake gwadawa, a raba shi da ita a riƙe saura kawai. Yawan matakan shi ne lambar saman a cire biyu. In a mataki na ƙarshe babu saura, lambar ba ta rabuwa. In akwai saura, tana rabuwa.

Mu gwada 127, wadda take 2⁷ − 1. Mataki biyar za a yi. Daga 4 an sami 14. Daga 14 an sami 194, saura 67. Daga 67 an sami 4,487, saura 42. Daga 42 an sami 1,762, saura 111. Daga 111 an sami 12,319, wadda take 127 sau 97 cif. Babu saura, don haka 127 ba ta rabuwa. In aka yi wa 2,047 haka, bayan mataki tara 1,736 ce ke ragewa, gwajin ya ce tana rabuwa, ba tare da ya ambaci 23 ko 89 ba.

Lucas ya fara nasa jerin ne da 3, sai 7, sai 47, sai 2,207, wanda yake aiki ga M127. Mataki 125 suka maye gurbin aikin miliyoyin shekaru. Amma kada a ɗauka abin wasa ne: a kowane mataki sai an ninka lamba mai alƙaluma kusan 39 da kanta, kuma kuskure ɗaya a ko'ina ya ɓata duk abin da ya biyo baya. Ya sauƙaƙa wa kansa da ƙirga irin ta biyu-biyu, wadda ba ta da alƙaluma sai sifili da ɗaya. A wannan ƙirga M127 ɗaya ce guda 127 a jere, kuma neman saura ya zama ɗauko abin da ya zarce gida na 127 a mayar da shi farko a haɗa. Ya yi aikin a kan allo mai gida 127 a tsaye da 127 a kwance, yana matsar da 'ya'yan dara. Wannan ƙirgar ita ce harshen kwamfuta, shi ya sa da injin ya zo bayan shekara saba'in da 'yan kai, ya tarar da gwajin kamar don shi aka tsara.

Lucas bai yi tsawon rai ba. Shi ne ya ƙirƙiro wasan nan na Hasumiyar Hanoi a 1883, wanda shi ma yawan motsinsa ruɓanyen biyu ne a cire ɗaya. A 1891, a wajen wata liyafar masana, faranti ya faɗi ya fashe, ɓallin ya yanke shi a kunci, ciwon ya harbu, ya rasu bayan 'yan kwanaki yana da shekara 49.

Dangin da lambar take ciki

Masana suna kasa marasa rabuwa dangi-dangi, kuma M127 ta shiga gidaje da yawa. Ita ce ta goma sha biyu a jerin marasa rabuwa na Mersenne. Tana haifar da cikakkiyar lamba ta goma sha biyu, mai alƙaluma 77. Sannan tana cikin wani ƙaramin gida da ake kira Mersenne mai ninki biyu, domin lambar samanta, 127, ita ma ta Mersenne ce. Huɗu kacal aka sani a wannan gida da ba sa rabuwa: 7, 127, ta Euler mai alƙaluma goma, da ta Lucas. Huɗun da ke biye da su duk an samo masu raba su.

Akwai abin da ya fi wannan. A fara da 2. A ɗora ta bisa biyu a cire ɗaya, an sami 3. A ɗora 3, an sami 7. A ɗora 7, an sami 127. A ɗora 127, an sami lambar Lucas. Hawa biyar, kuma babu mai rabuwa a cikinsu. Eugène Catalan na Beljiyam ne ya lura da wannan a shekarar da Lucas ya sanar da aikinsa. Hawa na shida shi ne a ɗora lambar Lucas kanta bisa biyu. Yawan alƙaluman abin da zai fito lamba ce mai alƙaluma 38, babu injin da zai iya ko rubuta ta, balle ya yi mata gwajin Lucas. Catalan, da ya san abin da ya sami zaton Fermat, bai yanke hukunci a kanta ba.

Gyaran jerin

Da gwaji ya samu, sai kurakuran Mersenne suka fara bayyana. A 1883 Ivan Pervushin, limamin coci a wani ƙauye na lardin Perm a Rasha, ya nuna M61 ba ta rabuwa, alhali ba ta cikin jerin. R. E. Powers, ma'aikacin jirgin ƙasa a jihar Colorado ta Amurka, ya ƙara M89 a 1911 da M107 a 1914. Duk ukun sun gaza ta Lucas girma. M257 kuwa an tabbatar tana rabuwa, Lehmer ya kammala hujjar a farkon shekarun 1930. A ƙarshe jerin Mersenne ya tashi da kuskure biyar: biyu da ya sa ba su cancanta ba, uku da ya bari.

Labarin M67 ya fi shahara. Lucas ya riga ya nuna tana rabuwa, amma gwajinsa ba ya faɗin masu rabawa. Ranar 31 ga Oktoba 1903, a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka a New York, Frank Nelson Cole na Jami'ar Columbia ya gabatar da su. Kamar yadda marubuci Eric Temple Bell ya ba da labari, Cole ya je gaban allo bai ce uffan ba. A gefe guda ya lissafa M67, ta fito 147,573,952,589,676,412,927. A ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta zo iri ɗaya. Ya koma ya zauna, zauren ya ɗauki tafi. An ce ranakun Lahadi na shekara uku ya ba wannan aiki. A nan aka ga bambanci mai girma: sanin cewa lamba tana rabuwa abu ne mai sauƙi, gano masu raba ta kuwa abu ne mai wuyar gaske.

Zamanin inji

A 1951 Aimé Ferrier na Faransa, da injin lissafi na kan tebur mai aiki da hannu, ya sami marar rabuwa mai alƙaluma 44. A shekarar dai J. C. P. Miller da David Wheeler suka yi amfani da kwamfutar EDSAC a Cambridge suka kai alƙaluma 79, kuma daga lambar Lucas suka gina tasu: sun ninka ta da kanta, suka ninka da 180, suka ƙara ɗaya. Ranar 30 ga Janairu 1952 tsarin da Raphael Robinson ya rubuta wa kwamfutar SWAC a Los Angeles ya gano M521 da M607 a rana ɗaya, kafin shekara ta ƙare ya ƙara M1279 da M2203 da M2281.

Daga nan lambobin suka yi ta hawa. A 1961 Alexander Hurwitz ya ƙetare alƙaluma dubu. A 1963 Donald Gillies ya sami M11213 a Jami'ar Illinois, har sashen lissafi ya riƙa buga ta a hatimin wasiƙunsa. A 1978 wasu ɗalibai biyu 'yan shekara 18 a Kalifoniya, Laura Nickel da Landon Curt Noll, suka gano M21701. A 1979 David Slowinski da Harry Nelson suka wuce alƙaluma dubu goma da M44497 a kan kwamfutar Cray. Sai aka fara kasa marasa rabuwa ta fuskar girma ma: masu alƙaluma dubu, masu dubu goma, masu miliyan.

A Janairun 1996 George Woltman, wani mai rubuta manhajar kwamfuta a Amurka, ya kafa shirin GIMPS na neman marasa rabuwa na Mersenne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ya sa manhajar a intanet kyauta, duk mai kwamfuta ya karɓi lamba ɗaya ya gwada. A Nuwambar shekarar Joel Armengaud na Faransa ya sami ta farko. A 1999 Nayan Hajratwala ya kawo ta farko da ta wuce alƙaluma miliyan, ya karɓi kyautar dala 50,000. A 2008 wata kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ta sami mai alƙaluma 12,978,189, wadda ta ci kyautar dala 100,000. A Disambar 2018 Patrick Laroche na Florida ya sami mai alƙaluma 24,862,048.

A Oktoban 2024 Luke Durant, tsohon injiniyan kamfanin NVIDIA, ya yi hayar dubban na'urorin lissafi masu sauri da ke warwatse a ƙasashe 17. Ranar 11 ga wata wata na'ura a Dublin ta yi wa M136279841 wani gwajin share fage, ta ce da alama ba ta rabuwa. Washegari wata a San Antonio ta jihar Texas ta tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer. Alƙalumanta 41,024,320 ne, ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne, ta 18 da GIMPS ya gano. In shafi yana ɗaukar alƙaluma 3,000, sai an cika shafi fiye da 13,000 kafin a gama rubuta ta. Umarnin da injin ya bi shi ne wanda muka bi a kan 127: a ninka, a cire biyu, a riƙe saura.

Amfanin da Barlow bai hango ba

Wahalar da ta cinye wa Cole Lahadinsa ita ce yau take tsare dukiyar mutane. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka fito da tsarin ɓoye saƙo na RSA: a ɗauki marasa rabuwa biyu masu ɗaruruwan alƙaluma a ninka su. Ninkawar ba ta ɗaukar lokaci, amma wanda ya ga amsar kaɗai ba zai iya komawa ga biyun ba. A kan irin wannan lissafi hada-hadar banki ta intanet ta ginu. Sirrin saƙonnin WhatsApp ya dogara da marar rabuwa 2²⁵⁵ − 19. M521 ta Robinson tana cikin ƙa'idojin ɓoye saƙo da gwamnatin Amurka ta amince da su. M19937, wadda Bryant Tuckerman ya gano a 1971, ita ce ƙashin bayan wata manhaja da masana biyu na Japan suka fitar a 1997, wadda kwamfutoci ke samar da lambobin ƙuri'a da ita. Ta Euler kuwa ita ce iyakar ƙirgar tsofaffin kwamfutoci da yawa, shi ya sa agogon wasunsu zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 in ba a sabunta su ba.

Duk da wannan ci gaba, tambayoyin asali suna nan a buɗe. Ba a san ko marasa rabuwa na Mersenne suna da iyaka ba. Ba a san ko akwai cikakkiyar lambar da biyu ba ta rabawa ba, tambayar da ta girmi shekara dubu biyu. Ba a san hukuncin hawa na shida na Catalan ba. Ƙara yawan injuna ba zai amsa ko ɗaya daga cikinsu ba, domin inji yana gwada lamba ɗaya bayan ɗaya ne, su kuwa waɗannan tambayoyi sun shafi abin da ba ya ƙirguwa ko ba ya rubutuwa. Wanda zai warware su sai ya zo da sabon tunani, kuma tarihin wannan fage ya nuna daga ina irin mutanen suke fitowa: lauya, limamin ƙauye, ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗaliban sakandare da malaminsu. Ɗalibin da ya iya ninkawa da rabawa ya riga ya mallaki abin da ake buƙata don fahimtar tambayoyin, kuma wannan dalili ne babba na a koya masa su tun yana aji.